Shin akwai maganin da ke taimaka wa mutum ya bar sigari da gaske?

*"Assalamu alaikum Likita. Ni direban babbar mota ne, shekarata 46, kuma na fi shekara 20 ina shan sigari. Kwali guda nake tashi da shi a rana. Sau uku ina dainawa a watan azumi, amma kafin a gama hidimar Sallah na koma. Maiɗakina ta ce rashin niyya ne kawai. Ƙanena da ke aikin jinya kuma ya ce akwai magungunan da aka gwada. Don Allah gaskiya ne suna aiki, ko kuwa wata hanyar cin kuɗin mutane ce? In gaskiya ne, wanne ya fi?"*

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare hanya. Abu uku na ji a cikin tambayarka: me ya sa kake komawa bayan ka daina, ko magungunan nan an tabbatar da amfaninsu, da kuma wanda ya dace da mutum irinka, mai kwali guda a rana kuma mai kwana a kan titi. Zan fara da maganar maiɗakinka, domin a nan yawancin mutane suke karaya.

Mutumin da ya daina har sau uku ba za a ce ba shi da niyya ba. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin taba akwai sinadarin nikotin, wanda idan ka zuƙi hayaki yake isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Can yana da wasu mazaunai da yake sauka a kansu, su sa a saki sinadarin da ke kawo nishaɗi da natsuwa. Mai kwali guda yana zuƙa kusan sau 200 a yini. Ka lissafa wannan a shekara 20. Ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙara yawan mazaunan nan, ta tsara kanta a kan cewa nikotin zai zo. Ranar da bai zo ba sai ka ji ƙunci, saurin fushi, rashin barci, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ga yunwa. Wannan ya fi tsanani a makon farko, yana lafawa cikin mako 2 zuwa 4, amma kwaɗayin kan riƙa kawo ziyara har watanni. Binciken da ya bi mutanen da suka yi ƙoƙarin dainawa ba tare da wani taimako ba ya nuna 3 zuwa 5 ne kacal cikin 100 suke kai wata 6 zuwa shekara ba su koma ba, kuma yawancin masu komawa a cikin makon farko suke faɗuwa. Kai ka kai wata guda har sau uku, ka ga kenan ka wuce inda mafi yawa suke tsayawa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan, Michael Russell, ya faɗi wata magana a 1976 da ta zama ginshiƙin wannan fanni: mutane suna shan sigari ne saboda nikotin, amma kwaltar da ke cikin hayaƙin ce take kashe su. Nikotin ne ke riƙe ka, amma sankarar huhu da toshewar hanyoyin numfashi da yawancin cutar zuciya daga ƙonewar ganyen suke fitowa, har da iskar nan mai guba irin wadda janareta ke fitarwa. Duk magungunan da zan ambata suna tafiya ne a kan wannan fahimta, wato a lallashi ƙwaƙwalwa ta wata hanya har ta saki, ba tare da an kunna ashana ba.

Yadda ake gane magani yana aiki

Tunda ka yi zargin cin kuɗi, kuma zarginka yana da dalili idan aka dubi abin da ake tallatawa a tasha da kasuwa, bari in faɗa maka yadda ake gwaji. Ana tara mashaya masu son dainawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin gaske, ɗayan a ba su ƙwaya mai kama da shi sak amma ba komai a cikinta. Mai sha bai san wadda aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Bayan wata 6 ko shekara sai a ƙirga waɗanda ba su koma ba. Ba a tsayawa ga maganar baki: ana sa mutum ya hura wata na'ura da ke auna iskar gubar nan a numfashinsa, ko a gwada yawunsa. Duk maganin da ba a bi da shi ta wannan hanya ba, komai daɗin bakin mai sayar da shi, ba ni da abin da zan dogara da shi in ce ka saya.

Akwai ƙungiyar masana da ake kira Cochrane, aikinta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje wuri guda. A 2023 ta haɗa gwaji sama da 300 da suka ƙunshi mutum sama da 150,000. Ga abin da ya fito a taƙaice: cikin mutum 100 da ba a ba su magani ba, kusan 6 ne suka kai wata 6 ba su sha ba. Masu amfani da nikotin na magani (kamar cingam ko filastar da ake mannawa a fata) iri ɗaya, kusan 9. Masu haɗa iri biyu, kusan 12. Masu shan barenikilin ko sitisin, wasu ƙwayoyi biyu da zan yi bayaninsu nan gaba, kusan 14. Na san za ka ce ashe ma ƙalilan ne. Haka ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amma ka lura wannan lissafin yunƙuri ɗaya ne, kuma daga 6 zuwa 14 ya fi ninki biyu. Magunguna da yawa da muke rubutawa kullum a asibiti ba su kai wannan tasiri ba.

Nikotin na magani

Wannan shi ne mafi daɗewa a hannun likitocin Yamma. A Suwidin aka ƙirƙiro cingam ɗin nikotin, wanda aka sani da Nicorette, kuma Amurka ta amince da shi a 1984. Filastar da ake mannawa a fata ta biyo baya a farkon shekarun 1990. Akwai kuma na tsotsa kamar alawa da na fesawa a baki. Gwaji sama da 130 sun nuna suna ƙara yiwuwar dainawa da kusan rabi. Filasta tana sakin nikotin a hankali yini guda, ta hana jiki shiga ƙunci. Cingam da na tsotsa kuma na gaggawa ne, lokacin da kwaɗayi ya taso. Shi ya sa haɗa su ya fi amfani da ɗaya.

A nan nake son in daɗe, domin a aikina na ga cewa yawancin waɗanda suka ce mini "na gwada bai yi ba" kuskuren amfani suka yi. Na farko, cingam ɗin nan ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. Za ka tauna kaɗan har ka ji ɗan yaji-yaji, sai ka ajiye shi a kumatu kamar yadda tsofaffi ke ajiye goro, idan yajin ya lafa ka sake taunawa, haka har kusan rabin awa. Ta fatar baki nikotin ɗin yake shiga jini. Wanda ya tauna da sauri ya haɗiye yawun, abin da zai samu shi ne shaƙuwa da ƙwarnafi, maganin kuma ya tafi a banza. Kada ka sha lemon kwalba ko kofi minti 15 kafin ka sa shi, domin tsami yana hana shi shiga. Na biyu, mutane suna tsoronsa sai su sha ƙasa da kima. Mai kwali guda, musamman wanda ke kunna karan farko cikin rabin awa da tashi daga barci, filasta mai miligiram 21 ake fara masa da ita na mako 6, sannan 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2, da cingam mai miligiram 4. Na uku, suna yar da shi bayan kwana goma don sun ji sauƙi. Wani bawan Allah mai sayar da kayan gini ya taɓa dawo mini yana cewa ya warke, ya bar sauran filastar wa ƙaninsa. Ba a yi mako biyu ba ya koma. Da muka sake farawa ya cika mako goma, sai abin ya zauna.

Ƙwayoyin da ba nikotin a cikinsu

Bufurofiyon, wanda aka sayar da sunan Zyban, asalinsa maganin ciwon damuwa ne. An lura masu shansa suna rage sha'awar sigari, aka gwada, Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1997. Ƙarfinsa kusan daidai yake da filasta. Yana hana wasu barci, yana busar da baki, kuma kusan mutum 1 cikin 1,000 kan samu jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba a ba mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa samun mummunan rauni a ka. Ga mai riƙe da sitiyarin tirela, ba shi zan fara zaɓa ba.

Barenikilin, wanda za ka ga an rubuta varenicline a kwalinsa, ko Champix, ya fito a 2006. Dabararsa ita ce yana zama a kan mazaunan nan na nikotin, ya ɗan motsa su yadda ƙuncin zai ragu, sannan ya tare wurin, ta yadda ko ka kunna sigari ba za ka ji daɗin da ka saba ji ba. Bayan fitowarsa an yi ta kai rahoton cewa yana jirkita tunani, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a 2009. Don a warware wannan aka yi babban gwajin da ake kira EAGLES a ƙasashe 16, da mutum 8,144, kusan rabinsu masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa. Sakamakon ya fito a 2016. Waɗanda suka kai wata 6 ba su sha ba: barenikilin kashi 21.8 cikin 100, bufurofiyon 16.2, filasta 15.7, ƙwayar da ba komai a ciki 9.4. Ba a ga wani ƙarin rikicewar tunani na a-zo-a-gani ba idan aka kwatanta da sauran, kuma a ƙarshen shekarar aka cire gargaɗin. A 2021 kamfanin Pfizer ya janye nasa daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a wajen haɗawa, amma wasu kamfanoni suna yin irinsa yanzu. Ana fara shi mako guda kafin ranar dainawa, a riƙa ƙara shi a hankali, a sha mako 12. Babbar matsalarsa tashin zuciya, wadda ke samun kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu, kuma tana raguwa idan aka sha bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa. Yana kawo mafarkai masu yawa. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa. Abin da ya shafe ka kai tsaye: yana sa wasu jiri ko gyangyaɗi, don haka kada ka fara shi ranar da za ka ɗauki hanya. Ka fara lokacin da kake gida na wasu kwanaki, ka ga yadda jikinka ya karɓe shi.

Sitisin shi ne wanda na fi sa wa ido saboda ƙasashe irin namu. Daga 'ya'yan wata bishiya ake samunsa, kuma tun 1964 ake sayar da shi a Bulgeriya da sunan Tabex. Shekara da shekaru mutanen gabashin Turai suna amfani da shi, likitocin Yamma ba su waiwaye shi ba, alhali ma daga tsarinsa aka samo dabarar barenikilin. A 2011 aka buga gwajin da aka yi a Folan da mutum 740: bayan shekara, kashi 8.4 na masu sitisin ba su koma ba, a gidan da aka ba ƙwayar da ba komai a ciki kuma 2.4. A 2014 gwajin Niyu Zilan da mutum 1,310 ya nuna ya fi nikotin na magani a wata na farko, kashi 40 da 31. A Ostireliya a 2021 aka kara shi da barenikilin, ya zo kusa, 11.7 da 13.3, amma bai cika sharaɗin a ce sun yi kunnen doki ba. Kwana 25 ake shansa a tsohon tsari, kuma yana da araha sosai inda ake yinsa. Sai dai akwai gwaji ɗaya da ya kamata a faɗa: a Bangaladash da Pakistan an gwada shi a kan masu tarin fuka kusan 2,500, kuma bai nuna wani fifiko bayyananne a kan ƙwayar banza ba. A can kusan kashi 30 na kowane gida sun daina, ga alama tsoron cutar da nasihar ma'aikatan lafiya sun riga sun yi babban aikin. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan taimaka wa manya su bar taba, ta lissafa waɗannan huɗu: nikotin na magani, barenikilin, bufurofiyon da sitisin.

Za ka ji ana maganar sigarin lantarki. Gaskiya ne a wani gwaji a Ingila a 2019, da mutum 886, kashi 18 na masu amfani da shi sun bar sigari shekara guda, masu nikotin na magani kuma 9.9. Amma 8 cikin 10 na waɗanda suka daina ta wannan hanya suna nan suna zuƙar na'urar bayan shekara. Kuma a can akwai dokar da ke kula da abin da ake zubawa a ciki. Wanda ake sayarwa a shagunanmu ba wanda zai ba ka tabbacin abin da ke cikinsa, don haka ba na tura kowa gare shi. Shisha kuwa taba ce tsagwaronta, da garwashi a kai. Wanda ya bar sigari ya koma shisha bai daina komai ba.

Abin da ƙwaya ba za ta yi maka ba

Magani yana kwantar da jiki, amma ba ya goge sabo. Ka duba lokutan da hannunka ke zuwa aljihu da kansa: bayan cin abinci, a teburin mai shayi, lokacin jiran lodi, tsakar dare idan barci ya fara fizgarka a hanya. Azumi yana rushe duk wannan tsari, shi ya sa kake iya dainawa. Ranar Sallah tsarin yake dawowa gaba ɗaya, da abokan da za su miƙo maka kara, kai kuma ba ka tanadi abin da za ka yi ba. Ina ganin a nan kake faɗuwa, ba a wajen niyya ba.

Taimakon baki ma an gwada shi kamar yadda aka gwada ƙwaya. A 1979 Russell ɗin nan ya nuna cewa likita ya ce wa mutum ya daina, ya ba shi 'yar takarda, ya ce zai sake tambayarsa, wannan kaɗai ya kai kashi 5 ga dainawa har shekara, inda waɗanda ba a ce musu komai ba ba su kai kashi 1 ba. A 2011 wani gwaji a Birtaniya da mutum 5,800 ya nuna saƙonnin waya na ƙarfafa gwiwa sun ninka masu dainawa, daga 4.9 zuwa 10.7. Idan aka haɗa magani da mai bibiya, sakamakon ya fi kowanne shi kaɗai. Kai kana da ƙane ma'aikacin jinya. Ka roƙe shi ya riƙa kiranka kullum a makon farko, sannan mako-mako har wata uku. Maiɗakinka kuma a nuna mata wannan bayani, domin mutumin da ke cikin makon farko yana da saurin fushi, kuma gara ta san daga ina abin yake.

Da kana gabana, ga yadda za mu yi. Zan auna hawan jininka, in tambayi lafiyar ƙodarka, in ji ko ka taɓa farfaɗiya ko ciwon damuwa, da duk maganin da kake sha, domin barin sigari yana sauya yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, musamman wasu na asma da na taɓin hankali. Sannan mu sa rana cikin mako biyu masu zuwa, ba sai an jira azumi ba. A wani gwaji a Ingila da mutum 697, waɗanda suka yanke a rana ɗaya sun fi masu ragewa sannu a hankali nasara, kashi 22 da 15.5 a wata 6, ko da yake idan aka haɗa dukkan gwaje-gwaje bambancin ba shi da girma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bayan ranar, ko zuƙa ɗaya babu. Saboda sana'arka zan fi karkata ga filasta haɗe da cingam, tunda ba sa kawo gyangyaɗi kuma cingam yana ba baki aikin yi a doguwar tafiya. Idan an cika mako goma yadda ya kamata bai yi ba, sai mu koma barenikilin a lokacin hutunka. Idan kuma ka zaɓi ka sake amfani da azumi, ka tanadi maganin tun kafin Sallah, ka ci gaba da shi bayanta. Cingam da na tsotsa sai bayan buɗa-baki. Hukuncin manna filasta da rana kuwa na malamai ne, su za ka tambaya.

Dole in faɗa maka iyakar wannan bayani. Kusan duk gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka da Ostireliya da Asiya aka yi su, kaɗan ne ƙwarai aka yi a Afirka, kuma mahalartansu suna samun magani kyauta da mai bibiyarsu. A wurinmu samun maganin kansa aiki ne, ba kowane kemis ke ajiye shi ba, kuma yana da tsada. Ka saya a babban kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC, kada ka karɓi ƙwayar da aka ƙulla maka a leda. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, ka lissafa abin da kwali 30 ke ci maka a wata ka kwatanta. Ni kuma ban duba ka ba, don haka barenikilin da bufurofiyon sai da takardar likitan da ya gan ka ido da ido. Idan kana tari fiye da mako biyu, ko kana ganin jini a majina, ko kana ramewa, ko ƙirji na riƙe ka idan ka yi tafiya, ka je asibiti a wannan makon, kada ka jira maganar dainawa.

Idan kana tunanin ko ka makara: wasu masana biyu 'yan Birtaniya, Richard Doll da Bradford Hill, sun fara bin likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50. Mashaya sun rasa kusan shekara 10 na rayuwa idan aka kwatanta da marasa sha. Wanda ya daina yana da shekara 40 ya ceto kusan 9 daga ciki, mai 50 kusan 6, mai 60 kusan 3. Rai na hannun Allah, amma wannan shi ne abin da aka gani a cikin dubban mutane, kuma kai kana 46.

Abu biyu za su iya ba ka mamaki bayan ka daina. Za ka iya ƙara ƙiba, yawanci kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, don haka ka ajiye ruwa da aya ko gyaɗa kaɗan a mota maimakon biskit da lemo. Na biyu ya shafi direbobi musamman: hayaƙin sigari yana sa hanta ta yi saurin ƙone sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Idan ka daina, kofi ɗaya zai yi maka aikin kusan biyu, sai ka ji zuciya na bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, ka ɗauka rashin sigari ne. Tun daga ranar farko ka rage Nescafé da goro zuwa rabin abin da ka saba.